Kalmar “Ƙaura” da Ƴan'uwanta a Bakin Hausawan Nijar

Masu juya takardun hukuma daga Faransanci zuwa Hausa, da malaman yaƙi da jahilci masu tsara littattafan karatun manya, sukan yi tuntuɓe da kalmar exode. Asalinta Girkanci ne, watau exodos, hanyar fita, kuma da ita ne aka san tashin Bani Isra'ila daga Masar, wanda masu fassarar Littafi Mai Tsarki suka kira Fitowa. Amma a Faransancin Nijar ta ɗauki wata ma'ana dabam: tafiyar da samari ke yi bayan kaka zuwa birane da ƙasashen waje, har aka ƙirƙiro exodant domin mai yin wannan tafiya. Mai fassara in ya iso nan, abin da ke fara zo masa shi ne ƙaura. Sau da yawa kuwa ba ita ce ta dace ba, domin Bahaushe bai haɗa dukan barin gida cikin kalma guda ba. Ya rarraba shi bisa ga dalilin tashi, da niyyar komawa, da irin mutuncin da mai tashin ya tafi da shi.

Siffar kalmar

Aikatau ƙaura yana cikin ƙaramin rukunin nan da ya haɗa kwana, ɓuya, tsira, girma, tsufa da tuba: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, wasalin ƙarshe gajere, kuma ba ya ɗaukar karɓau. Sunan aikin mace ne, shi ya sa ake cewa ƙaurar Katsinawa. Daga wannan saiwa ake samun ƙauro, in tashin ya nufo wajen mai magana (sun ƙauro nan bara), da ƙaurar da, in wani ne ya tayar da mutane, da ƙaurace wa, wadda ta bar maganar wuri ta koma ga zumunci. Miji yakan ƙaurace wa matarsa, dangi su ƙaurace wa wanda ya yi abin kunya, jam'iyya kuma ta ƙaurace wa zaɓe. Wanda aka ƙaurace wa yana nan zaune tare da mutane, amma an bar shi kamar yadda ake barin gari.

Sai a lura da cewa rubutun boko, da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya haɗa wannan kalma da waɗansu biyu da ba su da dangantakar ma'ana da ita: ƙaura irin dawa, da Ƙaura sarautar yaƙi ta Katsina da Maraɗi, wadda Ƙaura Hasau ya riƙe a ƙarshen ƙarni na 19. Mai koyon karatu a ƙasar Maraɗi ya san duka ukun a baki, jimla ce kawai za ta rarrabe masa su a takarda.

Kalmar ita kaɗai ba ta faɗin yawan masu tashi. Gida guda yakan ƙaura, gari ma yakan ƙaura. In ana son nuna cewa jama'a ce ta kwashe baki ɗaya, sai a ce gari ya tashi, ko gari ya watse, ko gari ya fashe, kuma waɗannan ba ɗaya ba ne. Garin da ya tashi ya tashi da shawara, da mai gari a gaba, ya san inda za shi. Wanda ya watse, kowa ya kama gabansa. Wanda ya fashe kuwa, yaƙi ko annoba ce ta faɗa masa ba shiri. Abin da aka bari a baya sunansa kufai, ginin da ya rage tsaye ba rufi kuma kango.

Abin da ƙaura ke nufi ga mai gona

Matafiyi yana da gida a bayansa. Mai ƙaura ya ɗauki gidan ne ya tafi da shi: mata, ƴaƴa, bisashe, turmi da taɓarya, da irin shuka. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne ke ba kalmar nauyinta, watau gonar gado, da rijiya, da kushewar iyaye, da wurin da aka binne mahaifa. Ba banza ba ne Hausa ta kira abin da ke biyo jariri da kuma garin haihuwar mutum da suna guda. Ga Anna masu bin al'adar gargajiya akwai ƙarin nauyi, domin zama a wuri alkawari ne tsakanin wanda ya fara saran daji da iskokin wurin, zuriyarsa ce kuma ke riƙe da wannan alkawari. Wanda ya ƙaura zai je ya zama baƙo a ƙasar da wani ya riga shi sara, sai ya roƙi gona. Karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, gargaɗi ne a kan haka. Daga nan ne kuma kalmar ta shiga maganar mutuwa: in ana girmama mamaci, musamman annabi ko babban malami, akan ce ya yi ƙaura, tun da ya sake gida ba da niyyar dawowa ba.

Duk da haka ƙaura ba masifa ba ce kullum. Bayan da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka kwanta, manoman da suka daɗe a tsare cikin garuruwa masu ganuwa a bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba suka bazu cikin daji, suka nufi arewa wajen Mayahi da Dakwaro suna haƙa rijiyoyi suna kafa ƙauyuka. Taswirar jahar tana ɗauke da shaidar wannan: Gidan wane, Garin wane, Sabon Gari, Tunga. Sunan kowane ƙauye irin wannan sunan mutum ne da ya tashi da iyalinsa ya zama mai gari. Shi kansa birnin Maraɗi ya yi ƙaura: ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama, hukumar Nasara ta sa aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni, inda birnin yake a yau.

Hijira

Hijira ara ce daga Larabci, kuma ta shigo da darajarta. Tushenta tashin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a shekara ta 622, wanda daga gare shi ake ƙidayar shekarun Musulunci. Mai hijira ya bar gida ne domin ya tsira da addininsa, saboda haka barin nasa lada ne, ba kunya ba. Kalmar almajiri ma daga nan ta fito, daga al-muhajir, wanda ya bar garinsu domin neman sani, ko da yake yau wanda ya ji ta bara ce ke fara zo masa.

A ƙasar Hausa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya mayar da hijira al'amarin siyasa. An haife shi a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a 1754. A watan Fabrairu na 1804 ya tashi da jama'arsa daga Ɗegel zuwa Gudu, ya fita daga ƙarƙashin ikon Yunfa, Sarkin Gobir, a 1806 kuma ya rubuta Bayan Wujub al-Hijra domin nuna wajabcin wannan tashi. Shekara ɗari bayan haka, da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Mai Wurno ya zarce da waɗanda suka rage har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda aka raba sunaye a wannan tarihi. Jihadin da ya fara da hijira shi ne ya tayar da gidajen sarautar Haɓe daga biranensu. Katsina ta faɗi wajen 1807, ƴaƴan sarautarta suka bi ta Ɗankama da Damagaram kafin Ɗan Ƙasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Alkalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka yi ta faɗi-tashi har aka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan ma sun bar birane da kushewar kakanni, sun tafi da tambura da sarautu, amma a tarihin da malaman Sakkwato suka rubuta tashinsu gudu ne. Su kuwa ba su ɗauki kansu waɗanda suka rasa ƙasa ba: har yau sarkin da ke Maraɗi Sarkin Katsina ne, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. A ganinsu sarautar ce ta ƙaura, ba ta mutu ba. Mai rubuta darasin tarihi domin ajin manya a Tsibiri ko Madarunfa, in ya zaɓi tsakanin gudu da ƙaura da hijira, ya riga ya zaɓi ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba.

Gudu

Gudu shi ne tashin da ba shiri ba shawara, kuma yana ɗauke da ɗan abin kunya ga namiji. Zamanin Nasara ya cika da shi. Ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Lugu da Birnin Kwanni a 1899, ya tarar da ƙauyuka da yawa babu kowa, domin labarinsa ya riga shi isa. Bayan da yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 suka ja iyaka tsakanin Faransa da Ingila, talakawa suka gane cewa iyakar mafaka ce. Lanho in ya yi nauyi, ko an zo ɗaukar soja kamar lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918, ko an matsa da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, sai ƙauye ya tsallaka kudu cikin dare wajen dangi, wani lokaci ya dawo in ƙura ta lafa. Wannan tsohuwar dabara ce ta talaka: sarkin da ya cika zalunci ba a yi masa gardama, tashi ake yi a bar shi da kango, sarki kuwa da mutane yake sarki. Gida biyu maganin gobara.

Yunwa ma ta kori mutane, kuma sunayen da aka ba shekarunta sukan riƙe labarin tafiyar. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Ƙaƙalaba. Ta 1942 an kira ta Ƴar Gusau, domin can aka nufa neman hatsi. A farin 1973 zuwa 1974 makiyaya da manoman arewa suka gangaro birane, sansanin Lazare da aka kafa musu a gefen Yamai ya zama unguwa daga baya. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa mutanen Maraɗi da Damagaram suka sa mata El Buhari, saboda gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Wannan suna ya isa nazari: abin da mutane suka riƙe a rai ba rashin ruwa ba ne kawai, toshe hanyar tashi ne.

Gidajen rediyo masu watsa labarai da Hausa ne suka baza gudun hijira da ɗan gudun hijira domin fassara réfugié. Ƙirƙira ce mai kyau, kuma ta zauna daram a bakin mutane. Ta haɗa kalmomi biyu da a da suke hannun riga: gudu ya faɗi gaskiyar halin da aka fita, hijira kuma ta rufa wa mai gudun asiri, ta mayar masa da mutuncinsa.

Cin rani da biɗa

Nan ne exode ta fi ɓatar da mai fassara. Ɗan cin rani bai ƙaura ba. Yakan tashi bayan an shigar da hatsi rumbu, ya tafi Kano, Legas, Kwatano ko Abijan, ya yi ga-ruwa, dako, gadi ko sayar da shayi, ya dawo da ruwan shuka. Sunan da kansa ya bayyana hikimar: ya ci raninsa a wani wuri, baki guda ya ragu a kan rumbu, ga kuma ɗan kuɗin lanho da tufafi. Matarsa na ɗakinta, gonarsa na jiransa, sunansa na cikin takardar mai gari. A Adar an fi cewa biɗa, watau nema, mai tafiya ya tafi biɗa ne. Akwai kuma tafiya Kurmi, ƙasashen daji na bakin teku, hanyar da fataken goro suka buɗe zuwa Gwanja tun kafin zuwan Turawa, wadda ta bar unguwannin Zango a Kumasi da Akra. Jean Rouch ya bi ƴan Nijar masu wannan tafiya a shekarun 1950, ya yi fim ɗinsa Jaguar a kansu, Mansell Prothero kuma ya yi nazarin masu cin rani na lardin Sakkwato a daidai wannan lokaci. In tafiyar ta rasa dalili, ba aike ba dawowa, sai sunanta ya sake: yawon dandi ke nan, kuma zagi ne.

Iyakar da ke tsakanin cin rani da ƙaura ba a tsaye take ba. Wanda ya tsallake damina guda bai dawo ba ana cewa ya daɗe. In ya tsallake uku, ya aiko a kai masa matarsa, ya ba ƙanensa aron gona, to ya ƙaura, ko da bakinsa bai faɗa ba. Wani lokaci kuma hukumar wata ƙasa ce ke yanke hukuncin. Dokar korar baƙi ta Gana a 1969, da korar da Najeriya ta yi a 1983 da 1985, da yaƙin Libiya na 2011, sun maido mutane da yawa garuruwan da suka daɗe da bari, waɗansu da ƴaƴan da ba su taɓa ganin Nijar ba. Harshe bai tanadi suna guda domin wannan komawa ta tilas ba. A baki akan ce waɗanda aka koro.

Tsohon zancen cewa biɗa aikin samari ne shi ma ya tsufa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, akasarinsu daga ƙasar Kance. Littafin karatu da ke zana ɗan cin rani saurayi da jaka a kafaɗa, mace kuwa tana jira a ƙofar gida, bai faɗa wa matan wannan yanki gaskiyar rayuwarsu ba.

Inda zaɓen kalma ke da sakamako

Dokokin duniya sun raba abin da Hausa ta haɗa, kamar yadda Hausa ta raba abin da Faransanci ya haɗa. Bisa ga yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, réfugié shi ne wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa. Wanda rikici ya tayar amma bai fita ƙasar ba, déplacé interne ne, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta tanadi haƙƙinsa, Nijar kuma ta kafa dokarta a kan haka a watan Disamba na 2018. A baki duka biyun ƴan gudun hijira ne. A jahar Difa tun 2015, da gundumar Gidan Runji tun 2019, lokacin da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun ƴan bindiga, ana samun iri biyun a ƙauye guda, harshensu ɗaya, wani lokaci kakansu ma ɗaya, amma takardar da za a ba kowa da ofishin da zai kula da shi sun bambanta. Ƙarin da aka saba yi, ƴan gudun hijira na cikin gida, ya wadatar, muddin an tsaya a kansa a kowace takarda. Haɗarin shi ne kowane ofishi ya ƙirƙiro nasa. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, irin waɗannan takardu za su ƙaru ne, ba raguwa ba.

Haka abin yake ga masu bincike da ƙidaya. Tambayar da aka tsara da Faransanci a kan exode, in aka juya ta aka ce “akwai wanda ya ƙaura daga gidan nan?”, mai gida zai amsa babu, da gaskiyarsa kuwa, ko da ƴaƴansa uku suna Abijan, domin a wurinsa ba wanda ya ƙaura. Zai ma iya jin tambayar kamar mugun fata. In aka ce “wa ya tafi cin rani bana?” a ƙasar Maraɗi, ko “wa ya tafi biɗa?” a Tawa, sai ya lissafa su da sunayensu da garin da kowa yake. Tambaya ta biyu da ya kamata ta biyo baya ita ce damina nawa mutumin ya yi bai yi noma a gida ba, tun da da damina ake auna wannan al'amari, ba da watannin kalanda ba.

Ga masu tsara littattafan karatun manya, ƙaura kalma ce mai amfani wajen koyar da harafin ƙ da tagwan wasali au, ana kuma iya jera ta da ƙauye, wadda ta fara da gaɓa iri ɗaya. Sai dai darasin da zai biyo bayan harafin yana bukatar hattara. Rubuce-rubucen wayar da kai da aka gina a kan exode rural na Faransanci sukan ɗauki tafiyar matsala ce da za a yi wa magani, su yi wa mai tafiya faɗa. Ajin manya kuwa da rani ake buɗe shi, lokacin da masu tafiyar ba su nan. Waɗanda ke zaune a kan tabarma iyayensu ne da matansu, masu jiran aike, kuma da yawansu abin da ya kawo su ajin shi ne su iya karanta saƙon wanda ya tafi ba sai sun kai wa wani ya ji sirrin gidansu ba.